Fasinja a Motar Ɗansa

Gusau, Laraba 8 ga Satumba

Kamilu taubashina, ubangidan ƙarya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da zafin Jidda, da Larabawan da kake ja wa mota. Mu nan lafiya gwargwado. Mahaifinka Kawu Sule yana nan, jinin ne yake hawa yana sauka, idon hagu kuma ya ƙara dushewa. Inna Uwani ƙafa ce kawai ke damunta. Ruwa ya yi bana, gero ya fara sunkuyar da kai.

Kar ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. An kashe mana layin waya tun ƙarshen makon jiya, duk jihar, wai saboda mutanen daji. Wayoyinmu sun koma tocila. Rabona da riƙe biro haka tun ina aji uku na sakandare, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Ga yadda za mu riƙa yi. Ni zan rubuta in ba direban Zariya, ya kai wa ƙanwarka Hafsatu, ita ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Kai ma ka rubuta ka tura mata, ta fitar a shagon kwamfuta ta ba direba ya kawo mini tasha.

Motar da ka aiko wa Kawu ta iso. Na karɓe ta hannun mutumin Kwatano kwana goma sha biyu da suka wuce. Ruwan toka ce, kujera bakwai. Biyun baya irin waɗanda ake naɗewa su shige ƙasa ne, babba in ya zauna can gwiwarsa ce za ta toshe masa kunne. Giyar hannu. Gilashin baya da hannu ake murɗawa. Ka sayi mafi arha a cikin irinta, irin wadda Bature ke saya in ya haifi na uku albashi bai ƙaru ba. Injin 1.6 ne, in ka ɗaga bonet sai ka leƙa kafin ka gan shi. Ni da na shekara ashirin ina dillancin mota ban taɓa sayar wa mai son gudu irinta ba. Amma ba ta shan mai, kuma yanzu da aka hana sayarwa a jarka, kowa sai ya bi layi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lafiyarta lau, ba ta ɗigar da komai. Fenti kuwa, ranar da na shigo da ita tasha har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo yana duba haƙoransa a jikin ƙofa.

To wannan ƙyallin shi ne matsalar. Na yi mata ɗan gyara irin namu na nan, na rage mata kyau. A ƙasar nan yanzu amarya kaɗai ake so da kyau, mota kam gara mummuna. Ban ajiye ta a ƙofar gidan Kawu ba, kuma ba zan ajiye ba. Duk wanda ya tambaye ni cewa nake tawa ce, ta haya. Kai ma in wani ya kira ka daga Kano ko Zariya, kar ka ce ka aiko wa tsoho da mota. Maganar tana da tsawo, ga shi Idris direba ya cika lodi yana ta danna mini hon. Sauran sai takarda ta gaba.

Ka gaida Ka'aba in ka je.

Naka,
Arzika


Jidda, Asabar 11 ga Satumba

Bawana Arzika,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin lafiyarku. Ni ma lafiya, sai aiki. Ka ce da Inna ta rage zuwa rijiya da kanta, ka ce Baba ya riƙa shan maganin ko da ya ji sauƙi.

Takardarka ta same ni ina cikin mota a bakin asibiti ina jiran maigida. Na karanta sau uku ina dariya ni kaɗai, har mai gadi ya leƙo. Ba ka canza ba. Kai ne ka ce mini akuyar da Baba ya ba ni kura ta cinye ta, na yini ina kuka, ashe ka ɗaure ta a bayan ɗakin Gwaggo. Yanzu kuma mota ta zama taka, ta haya. Ina bawa ya ga mota? Na san tana nan a lulluɓe kana goge ta safe da yamma.

Bari in bar wasa in gaya maka abin da nake so. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buɗe wa iyayen wasu ƙofar mota. Tsohon gidan nan sa'an Baba ne, ni ke ɗaga masa ƙafa in sa a ciki, ni ke ɗaura masa bel. Baba kuwa bai taɓa zama gaban mota ba sai an matse shi da wani. Na san ƙarama ce, abin da ƙarfina ya kai ke nan. Na zaɓi mai kujera bakwai ne don ta ɗauke su duka, shi da Inna da matar marigayi Yaya da yaranta.

Ranar Juma'a mai zuwa ka wanke ta, ka je gida, ka ɗauki Baba daga ƙofar gida zuwa masallaci, ko da taku ɗari biyu ne. Ya zauna gaba shi kaɗai. In an sauko ka ajiye ta ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, can ne wurinta. A ɗauki hoto a ajiye mini har layi ya dawo.

Ina ganin labarin tsaro a waya, ban ce babu ba. Amma namu garin ai ba cikin daji yake ba, daga bayan duwatsun Kwatarkwashi ana jin ƙarar manyan motoci a titi. Ka san yadda takarduna suke, in na fito ba komawa. Tunda ba zan zo ba, a bari ya ga wani abu nawa a ƙofarsa.

Ubangidanka na gaskiya,
Kamilu


Gusau, Talata 14 ga Satumba

Kamilu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Likita ya canza wa Kawu ƙwaya, ya ce a dawo bayan mako biyu.

Wannan karon na ajiye taubasantaka a gefe, ka karanta kamar wani ne ya rubuto. Laifina ne, na saba faɗin gaskiya da dariya har ba a gane ta.

Ka tafi lokacin da mutum ke sayen mota ya ajiye a ƙofar gida a zo a taya shi murna. Wannan lokacin ya wuce. Mutanen daji ba sa faɗa wa gida haka kawai. Akwai masu kai musu labari, kuma ba baƙi ba ne, mutanen da kake haɗa sahu da su ne. Abin da suke dubawa kaɗan ne: wa ya yi sabon rufin kwano, wa ya sayi shanun huɗa, wa ke da ɗa a ƙasar waje. Na ukun shi ne namu. Ka san abin da Kawu ke faɗa a gari in an tambaye shi kai? Cewa yake kana can kana shan wuya, shara kake yi, ko na jirgin dawowa ba ka da shi. Shekaru yana ɓata maka suna don ya samu ya kwana a ɗakinsa. Mota mai ƙyalli a ƙarƙashin dalbejiya rana ɗaya za ta rushe wannan duka. Maganar titi kuma ka bar ta, waɗanda aka ɗauka a bakin titi sun fi na cikin daji.

Ga abin da na yi wa motar, don kar ka ji a bakin wani. Na cire ƙofar baya ta hagu na sa wata ja da na samo wurin 'yan gwangwan. Taka tana ɗakina nannaɗe da bargo. Na cire murafun taya. Na ɗora kariyar ɗaukar kaya a sama, na ɗaure but da igiya duk da makullinsa lafiya lau yake. Na sa yashi na goge gefenta na dama, wannan kam na ji shi a raina. Na manna sitikar ƙungiyar direbobi a gilashi. Yanzu in ta tsaya a tasha ba mai kallonta sau biyu. Ina lodin Tsafe da ita jifa-jifa don a saba ganinta a hanyar.

Jiya Litinin na kai Kawu asibiti. Na sauke fasinja a Tsafe, a dawowa na ratse ta garinku ina kiran Gusau, Gusau, kamar mai neman cikon lodi. Kawu na tsaye a bakin hanya da sandarsa kamar kowa. Dama mun shirya da shi. Ciniki ya yi da ni, Kamilu, a gaban mutane. Ya ce, "Kai Arzika, gwangwanin ga naka har ya kai a biya mai kuɗi?" Aka yi dariya. Ya miƙo kuɗin mota na karɓa kowa na gani, a bakin asibiti na mayar masa cikin ganyen goro. Gaba ya zauna, amma na haɗa shi da wani mai kaji, don tsoho shi kaɗai a gaba abin tambaya ne.

Da muka hau titi mai kajin ya fara gyangyaɗi. Sai na ga Kawu ya sa tafin hannu yana shafa gaban motar a hankali. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ita ta?" Na ce ita ce.

Haka za mu ci gaba. Tana kai shi asibiti, tana kai Inna, ranar da aka buƙace ta da gaggawa tana nan. Abin da ba za ta yi ba shi ne ta zama tasa a idon mutane. Ƙaninka Salisu ban gaya masa komai ba. Ka san shi, abin da ya ji da safe a shagonsa na Tsafe, kafin azahar mai faci ma ya ji. In ya kira ka ka ce cinikin motar bai yiwu ba.

Maganar Juma'a ka janye ta, don Allah.

Arzika


Jidda, Lahadi 19 ga Satumba

Malam Arzika,

Salamu alaikum. Ina fata iyayena suna lafiya.

Yau kwana takwas da na rubuto maka, ban ga amsa ba. Kullum sai na tambayi Hafsatu, ta ce ba direban da ya kawo komai. Juma'a ta zo ta wuce.

Jiya Salisu ya shiga Zariya sarin kaya, ya kira ni. Ya ce ya ga motar da idonsa a tashar Tsafe kana kiran fasinja. Ya ce ƙofa ɗaya ja ce, an goge fenti, an ɗaure but da igiya. Wannan duk na iya haɗiyewa. Sai ya ce mutanen gari sun ba shi labari ka tsaya a bakin hanya ka karɓi kuɗin mota a hannun Baba, ka cusa shi gaba da mai kaji, ana dariya. Sau uku na sa ya maimaita.

Ashe da ka rubuta cewa taka ce ta haya, ba wasa kake ba. Ni ne na zauna a bakin asibitin mutane ina dariya. Ka ma ce kar in gaya wa kowa na aiko da ita, yanzu na gane dalili. An sha gaya mini halinka na kasuwa, ina cewa wannan da baƙi yake yi, ba da gida ba. Uwarka da ubana ciki ɗaya suka fito.

Ba na neman bayani. Ka ba Salisu makulli da takardun mota da ƙofarta in ba ka sayar ba. Na gaya masa ya kai ta wurin mai fenti a mayar da ita yadda ta zo, ranar Juma'a ya yi abin da na roƙe ka ka ƙi. Na rubuta wa Baba takarda daban, Salisu zai karanta masa.

Kamilu Sule


Gusau, Asabar 25 ga Satumba

Kamilu,

Assalamu alaikum. Har zuwa jiya da na baro su kowa lafiya.

Takardata ta ranar 14 ba ta iso ka ba. Motar Idris ta kwanta a Funtuwa, ya bar ta wurin bakanike da takardar a cikin aljihun gaba, ya manta. Shekaranjiya ya dawo mini da ita duk baƙin mai. Na haɗa ta da wannan na ba wani direban. Ka fara karanta waccan.

Ranar Laraba Salisu ya zo tasha da takardarka a hannu. Bai neme ni gefe ba. Tsakiyar fili ya tsaya, gaban shugaban ƙungiya, ya ɗaga murya: motar yayansa ce na Makka, ya aiko wa mahaifinsu Malam Sule, ya faɗi sunan garin, ya faɗi unguwa. Na kama hannunsa na ce zo mu shiga masallaci mu yi magana. Ya fizge ya ce, "A nan za a yi ta, ai kai da baki kake cin mutane." A wurin akwai direbobi, 'yan kamasho, masu talla, fasinjan Magami da na Kekun Waje da na ko'ina. Ban san kunnen wa ke yi wa wa aiki ba. In na buɗe baki na yi bayani, na ƙarasa abin da ya fara. Na ciro makulli na ba shi.

Da ya zo gidana ɗaukar ƙofa na rufe zaure na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce tsoro nake ba shi don in ci gaba da lodi. Ban ga laifinsa sosai ba. Ni ma da wani ne ya ba ni labarin da bakin Arzika, sai na yi tunani.

Alhamis ta yini wurin mai fenti. Ya iya aiki, ba ka gane inda na goge.

Jiya na bi motar haya na riga shi zuwa gari. Na iske Kawu a zaure. Ina cikin yi masa bayani Salisu ya iso, muka ji hon tun daga bakin rijiya. Ya shigo ya durƙusa ya karanta masa takardarka, inda ka ce ba ka taɓa roƙonsa komai ba sai wannan, ya shiga gaba a gan shi. Na ce Kawu kar ka shiga. Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, shi da ba ya karatun boko. Ya ce, "Gaskiya ya hwaɗi. Shekara sha ɗaya bai roƙe ni komi ba." Na ce ka san abin da ka iya biyo baya. Ya ce, "Na sani. Magana ai ta riga ta hita tun tasha. In na ƙi shiga, na yi hasara biyu."

Ya shiga ciki ya sa farar babbar rigarsa. Salisu ya buɗe masa ƙofa, ya ɗaura masa bel. Gaba, shi kaɗai. Tafiyar ba ta kai minti biyu ba. Da aka sauko mutane suka kewaye ta, ana shafawa, ana Allah ya sanya alheri, ashe Kamilu ya samu, ashe Malam ɓoye mana kake. Liman ya yi addu'a. Ni na tsaya jikin bango ina bin fuskoki ɗaya-ɗaya. Ban ga komai ba. Dama ba a gani.

Tana ƙarƙashin dalbejiya yanzu. Salisu ya ɗauki hoto. An yi yadda ka ce.

Arzika


Jidda, Litinin 27 ga Satumba

Arzika, ɗan'uwana,

Takardun biyu sun iso tare yau da azahar. Na karanta ta farkon a tsaye, ta biyun ban san yadda na karanta ta ba.

Ban san Baba na cewa shara nake yi ba. Ka yafe mini abin da na rubuta, da abin da aka yi maka a tasha.

Na rubuta wa Salisu ya dawo maka da makulli. Ka ɗauke ta daga ƙofar gidan yau, kar ta ƙara kwana. Ka mayar da jar ƙofar, ka goge fentin, ka ce sayar maka aka yi, ka ce ƙarya Salisu ya yi, duk abin da ka ga zai shiga kunnen mutane. Kai ka san su, ni ban san su ba yanzu. In da wani abin da zan yi daga nan ka gaya mini.

Ka rubuto ko layi biyu ne in ji Baba na lafiya.

Kamilu


Gusau, Lahadi 3 ga Oktoba

Kamilu,

Assalamu alaikum. Kawu na lafiya. Inna na lafiya. Duk suna gidana a Tudun Wada. Na sa wannan a farko don ka iya karanta sauran a zaune.

An dawo da layi a cikin Gusau. Na ga kiranka, na ga yawansa. Ban ɗauka ba ne don bakina ba zai iya jera maganar ba, hannu ya fi. Zan ɗauki hoton takardar in turo da kaina.

Takardarka ta ƙarshe ta zo bayan an gama komai. Ranar Litinin da hantsi Manu, maƙwabcin gonar Kawu, ya iske Kawu a zaure. Ya ce mutum biyu sun tare shi a hanyar rafi, ba 'yan gari ba ne. Sun tambaye shi wace ce ƙofar tsohon da ɗansa ke Makka, mutum nawa ke kwana a gidan, katangar baya doguwa ce ko gajeruwa. Ya ce musu shi baƙo ne. Suka yi dariya suka kira shi da sunansa.

Talata da safe Salisu ya shigo tasha da motar. Ya ajiye makulli a kan bencina, ya gaya mini abin da Manu ya faɗa. Muka juya garinku tare.

Mutum bakwai cif ta ɗauka: ni, Kawu, Inna, matar marigayi da yaranta uku. Salisu ya ce zai bi a ƙafa zuwa titi. Muka ɗora buhu uku na tsohon gero a kariya, da akwatin Inna, da tabarmi, da buzun Kawu da littattafansa. Mun ce wa maƙwabta asibiti za a kwantar da shi. Ba wanda ya tambayi abin da buhun gero zai yi a asibiti. Inna ta ba matar Manu kajinta. Kawu ya kulle zaure da kansa ya sa makullin a aljihu.

Ka tuna hawan nan tsakanin duwatsu biyu kafin a fita titi? An yi ruwa ranar Litinin, laka ce har sama. Na sa giya ta ɗaya na taka. Ta kai rabi ta fara kuka, warin kuloci ya cika motar, ta mutu ta fara komawa baya. Salisu ya jefa dutse a bayan taya. Na gaya maka injin ƙarami ne, ba a yi shi don ƙaura ba. Muka sauke buhu biyu a gefen hanya, muka bar wa Manu. Na sake gwadawa, Salisu na turawa, ta sake tsayawa wuri ɗaya. Matar marigayi ta ce bari su sauka da yara. Kafin ta buɗe, Kawu ya riga ya kwance bel. Ya ce, "Ku zamna. Ku tahi, in iske ku bisa."

Ta hau. Na tsaya a sama na ja burkin hannu, ina kallonsa ta madubi. Yana tahowa da sanda, laka na kama masa takalmi. Salisu ya miƙa hannu ya ƙi. A tsakiyar hawan ya tsaya ya juya. Daga wurin ana hango gonarsa, geron ya nuna sarai. Ya tsaya yadda mutum zai karanta Fatiha sau uku ko huɗu. Sannan ya ƙaraso ya shiga.

Manu ya aiko cewa ranar Laraba sun zo. Sun karya ƙofar zaure, ba su tarar da kowa ba, sun kwance ragon Kawu, sun ɗan zauna a inuwar dalbejiya suka tafi. Sun ce a gaida mai gida. Ban gaya wa Kawu ba, Inna kaɗai ta sani.

Na ba shi ɗakin zaurena. Yana cin abinci kaɗan, yana salla, ba ya ƙorafi. Amma kullum da hantsi sai ya sa hula ya ɗauki sanda ya fita ya buɗe motar ya zauna gaba. Na daina kulle ta. In na zo sai ya ce, "Gero ya isa yanka, tsuntsaye na ci. Kai ni in yini in dawo. Ai motar ɗana ta." Yanzu da ƙarfi yake faɗa, ba sauran abin ɓoyewa. Rannan ma ya sa hannu a aljihu ya ce ko sai ya biya.

Ina ce masa sai na tambayi mai mota. Kwana huɗu ke nan ina faɗin haka. Yau ya ce, "To ga waya ta dawo, tambaye shi." In na kai shi, ban san ko zan dawo da shi ba. In na ce na ƙi, zai fita titi ya hau ta haya, ya san hanya. Na yanke hukunci a kan motar nan sau ɗaya ban tambaye ka ba, ba zan ƙara ba. Gobe da hantsi zai sake fitowa. Me zan ce masa?

Arzika


Jidda, Litinin 4 ga Oktoba

Arzika,

Na gode. Allah ya saka. Ka gaida Inna, ka ce Salisu ya daina kuka a waya, ba shi ya yi ba.

Kar ka kai shi. Kar kuma ka ce ni na hana. In ya ji daga gare ni zai bi, na sani, amma ba na so abu na biyu da zan roƙe shi ya zama ya bar geronsa.

Ka ce ta lalace. Ka cire wani abu a injin, kai ka san wanda ba zai ɓata ta ba kuma za ka iya mayarwa da sauri in asibiti ya kama. Ka zauna kusa da shi ka murɗa makulli a gabansa ya ji ta ƙi tashi. Ka ce hawan nan ne ya taɓa ta, na ce a jira kaya daga Kwatano, kuma na ce kar ya hau ta wani tunda yana da tasa. Manu ya yanke geron, ya ɗauki abin da ya ga dama. In Baba ya so ya zauna a ciki ka bar shi ya zauna.

In ya tambayi yaushe kayan za su iso, ka ce ni ma ban sani ba.

Kamilu